Lada ko Albashi? Tarihin Malamin da ke Shiga Gidan Yari

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024, Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ya je Birnin Gwari ya karɓi rukunin farko na 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makami, ya kuma buɗe kasuwar kara ta garin, wadda ta shafe fiye da shekara goma a rufe. Kalmar da ta cika bakin jama'a da kafafen labarai a wannan mako ita ce "tubabbu". Tuba kuwa kalma ce ta addini. Hukuma tana iya karɓar bindiga ta ƙirga ta adana, amma ba ta da mudun da za ta auna abin da ke cikin zuciyar wanda ya miƙo ta. Wannan aiki ne na wanda zai zauna da mutum wata da watanni, yana sauraronsa, yana karantar da shi, yana warware masa abin da wani ya ƙulla masa a daji.

Ba kowane ɗan daji ne ke fitowa ta ƙofar sulhu ba. Da yawa jami'an tsaro ne ke kamo su, su ƙare a gidan yari tare da ɓarawon akuya, da mai bashi, da matashin da aka tsinta a wurin da bai kamata ba. A can ma mutumin da ake sa ran zai yi aikin tuba shi ne liman ko fasto. Jihar Kaduna tana da manyan gidajen yari a Kaduna da Zariya da Kafanchan, tana kuma da ƙanana da suka warwatsu daga Saminaka ta ƙasar Lere a gabas har zuwa Birnin Gwari a yamma. A ƙananan nan, mai wa'azin da ke shigowa daga gari galibi don Allah yake yi, kuɗin motarsa ma daga aljihunsa ko na ƙungiyarsa yake fitowa. Yadda aka yi aiki mai nauyi irin wannan ya zama na sadaka yana da tarihi, kuma tarihin ya girmi Nijeriya.

Abin da magabata suka tanada

Wa'azi a kurkuku tsohon abu ne. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yusuf (AS), wanda samari biyu da aka ɗaure tare da shi suka nemi ya fassara musu mafarki, shi kuwa ya fara da kiransu zuwa ga tauhidi kafin ya ba su amsa. A wajen Kiristoci, babi na 25 na Linjilar Matiyu ya lissafa ziyarar ɗaurarre cikin ayyukan da za a tambayi mutum a kansu ranar hisabi. Saboda haka addinan biyu da suka fi mabiya a Jihar Kaduna ba su da saɓani a kan falalar aikin. Inda magana take shi ne wanda zai ɗauki nauyinsa.

A zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi aka sayi gidan Safwan ɗan Umayya a Makka a kan dirhami 4,000 aka mayar da shi kurkuku. Tun daga nan tsare mutane ya zama abin da hukuma ke kashe wa kuɗi. Wanda ya fi fayyace haƙƙin ɗaurarru shi ne Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekarar 798 Miladiyya. A cikin Kitabul Kharaj, littafin da ya rubuta wa Halifa Harunar Rashid, ya shawarci halifa da ya riƙa ciyar da fursunoni da tufatar da su daga baitulmali, ya kuma naɗa mutumin kirki mai amana da zai rubuta sunayensu ya riƙa miƙa wa kowa kasonsa hannu da hannu kowane wata, domin in aka bi ta hannun masu gadi abin ba zai isa ba. Ya kawo umarnin Umar ɗan Abdul'aziz cewa kada a ɗaure Musulmi da marin da zai hana shi yin salla a tsaye. Ya ƙara da cewa ɗaurarren da ya mutu ba shi da dangi, baitulmali ne zai yi masa wanka da likkafani, a sallace shi a binne.

Abin lura a nan shi ne Abu Yusuf bai bar wannan ga masu neman lada kaɗai ba. Ya ga cewa mai tsaro yana da nasa aiki da nasa son rai, don haka ana bukatar mutum na biyu a cikin kurkuku wanda amanarsa ta ɗaurarre ce, kuma hukuma ce ta sa shi.

Daga Ma'ajin Watari zuwa gandiroba

A ƙasar Hausa ta ƙarni na 19, ɗauri bai zama babban hukunci kamar yadda yake a yau ba. Alƙali yakan yanke bulala, ko tara, ko diyya, ko haddi. Kurkuku kuwa wuri ne na ajiye wanda ke jiran hukunci, ko mai taurin bashi, ko bawan da ya gudu, ko wanda sarki ya yi fushi da shi. A Kano, kula da kurkukun yana hannun bayin sarki, kuma gidan Ma'ajin Watari ya yi suna a wannan fanni. Sarautar Yari ce ta bar wa Hausa kalmar "gidan yari". Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Lugga ya rubuta a rahotonsa cewa ya tarar ana cusa mutum 135 kowane dare a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki. Yana da dalilinsa na kambama munin abin da ya gani, tunda yana neman hujjar yaƙin da ya yi, amma ko tarihin baka na Kanawa bai taɓa yabon wurin ba.

Mulkin mallaka ya kawo gidajen yari iri biyu a Arewa. Akwai na gwamnati, irin na Lokoja da na Kaduna wanda aka gina a 1915, akwai kuma na En'e, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, suna ƙarƙashin sarakuna. Baitulmalin En'e, wanda Razdan Palmer ya fara gwadawa a Katsina kafin ya bazu a sauran masarautu wajen 1911, ya yanka wa sarki da alƙali da dogari da yari albashi. Fursuna kuwa ya zama ɗan ƙwadago: shi ne mai sharar kasuwa, da gyaran hanya, da kwasar bahaya, da noman gandu. Kalmar "gandiroba" kanta daga Turanci aka aro ta, daga sunan mai kora ayarin masu aikin ƙarfi. Sunan ya faɗi abin da tsarin ya fi damuwa da shi. An gina shi a kan mai tsaro da mai sa aiki, ba a gina shi a kan mai koyarwa ba.

Akwai kuma dalili na siyasa. A Sakkwato a watan Maris na 1903 Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin mutane ba, kuma a aikace an taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Wannan ya sa tsarin limamin kurkuku irin na Ingila, wanda a asalinsa na coci ne, bai sami ƙofar shiga gidajen yarin En'e ba, ba a kuma ƙirƙiro na Musulunci mai kama da shi ba. Malamin zaure na lokacin yana rayuwa ne da noma, da zakka, da sadakar iyayen almajirai. Idan ya leƙa gidan yari ya yi nasiha, ya yi ne kamar yadda zai duba marar lafiya. A shekarun 1950 ma, lokacin da aka riƙa tura 'yan NEPU irin su Hajiya Gambo Sawaba gidajen yarin En'e, malamin da ya cika kusantar wurin yana iya jawo wa kansa zargi daga ɓangarori biyu, na fada da na talakawa.

Yadda aikin ya zama sana'a a Ingila

Tunda tsarin gidajen yarin Nijeriya daga Ingila aka kwafo shi, yana da kyau a dubi yadda su suka yi da wannan batu. A da can, limamin kurkukun Newgate na Landan yakan cike gurbin ɗan abin da ake ba shi ta hanyar buga ikirarin waɗanda za a rataye ya sayar wa jama'a. Ma'ana, rashin wadataccen albashi ya mayar da sirrin ɗaurarre haja. A 1773 majalisa ta yi dokar da ta ba alƙalan gundumomi damar ɗaukar limamin kurkuku su biya shi har fam 50 a shekara. Bayan shekara huɗu John Howard ya fitar da littafinsa a kan halin da kurkukun ƙasar ke ciki, wanda ya tayar da hankalin masu mulki. Dokar 1823, ta zamanin Robert Peel, ta mayar da ɗaukar limamin tilas. Daga nan aikin ya sami martaba: mutum irin John Clay, wanda ya yi fiye da shekara 30 yana limanci a kurkukun Preston, rahotanninsa na shekara-shekara sun zama abin da 'yan majalisa ke kafa hujja da su.

Dokar Gidajen Yari ta 1952, a lokacin da aka yi ta, ta ce kowane kurkuku a Ingila dole ya kasance yana da mutum uku: shugaba, da limamin coci, da likita. Sauran addinai a hankali suka shigo. Sai a 1863 aka halatta biyan limaman Katolika, sai kuma a 1999 hukumar gidajen yarin ƙasar ta naɗa mai ba ta shawara kan harkokin Musulmi na farko, daga baya aka fara ɗaukar limamai Musulmi aiki na dindindin.

Guguwar wannan tunani ta iso Nijeriya a makare. R. H. Dolan, wanda ya zama Daraktan Gidajen Yari a 1946, shi ne ya kawo koyar da sana'a, da ziyarar dangi, da azuzuwan tarbiyya da ilimin manya a hannun malaman Kirista da na Musulunci. A zamaninsa aka buɗe sansanin fursunoni marar katanga na Kakuri a Kaduna a 1953. Sai dai gyaran Dolan ya fi aiki a gidajen yarin gwamnati, alhali yawancin ɗaurarrun Arewa suna hannun En'e. Bayan rahoton Kwamitin Gobir, wanda gwamnatin soja ta kafa a 1966, aka haɗe gidajen yarin ƙasar duka a hannun Gwamnatin Tarayya ranar 1 ga Afrilu, 1968. Dokar soja mai lamba 9 ta 1972 ta zama ginshiƙin tsarin har kusan shekara 50.

Sabon suna, tsohuwar al'ada

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar zuwa ta gyaran hali. Sashe na 10 na dokar ya lissafa ayyukan ɓangaren tsare mutane, kuma a ciki har da sauya halayyar ɗaurarru ta hanyar kula da lafiyarsu, da tunaninsu, da ruhinsu, da ba su shawara, ya kuma ambaci masu tsattsauran ra'ayi da ke ɗaukar makami ƙarara. A matakin duniya, Ƙa'idojin Nelson Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disamban 2015 sun ce a ƙa'ida ta 65, idan kurkuku yana da isassun mabiya wani addini, a naɗa ko a amince da wakilin addinin wanda ya cancanta, idan yawansu ya kai kuma hali ya yi, aikin ya zama na cikakken lokaci.

A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, mutum iri uku ne ke riƙe da aikin. Na farko jami'in hukumar ne mai kaki wanda yake da ilimin addini aka ɗora masa limanci ko kula da coci. Na biyu mai sa-kai ne daga waje, daga ƙungiyoyi irin su Jama'atu Nasril Islam, da Izala, da 'yan ɗariƙu, da cocin Katolika, da ECWA, da ƙungiyar Prison Fellowship. Na uku, wanda ya fi kowa daɗewa tare da ɗaurarru, fursuna ne ɗan'uwansu da suka zaɓa ya riƙa ja musu salla ko addu'a a ɗaki. Na waje yana zuwa ranar Juma'a ko Lahadi, ko da azumi da Kirsimeti, ya yi awa ɗaya ko biyu ya tafi. Na ciki yana nan dare da rana.

Aikin kuma ya wuce huɗuba. Ɗaurarrun Nijeriya sun kai wajen 80,000, kuma kusan biyu cikin uku jiran shari'a suke yi, wasunsu shekaru. Mutumin da bai san ranar fitarsa ba yana da tambayoyin da gandiroba ba zai amsa masa ba. Matarsa ta kai ƙara wajen alƙali tana neman a raba auren saboda rashin ciyarwa, mene ne hukuncinsa? Mahaifiyarsa ta rasu, wa zai faɗa masa, kuma ta yaya? Ya kashe rai, yana so ya nemi afuwar magada, wa zai kai saƙon? Fiye da mutum 3,000 suna zaman jiran hukuncin kisa wanda gwamnoni ba sa son sa wa hannu. Wa zai zauna da su? Akwai wanda bai iya alwala ba sai an fara masa daga Ahalari. Akwai mata ɗaurarru, wasu da goyo, waɗanda malama suke bukata. Akwai ranar fita, lokacin da dangi da mai unguwa ke bukatar wani mai mutunci ya tsaya wa wanda aka sako. Duk wannan yana son ilimin fiƙihu, da sanin halayyar ɗan Adam, da sanin dokar ƙasa, da iya riƙe sirri. Wanda ya haɗa waɗannan ƙwararre ne, ko an kira shi haka ko ba a kira ba.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga yadda gwamnati ke yi idan ta ɗauki irin wannan aiki da muhimmanci. Rundunar Sojan Ƙasa ta Nijeriya tana da sassa uku na addini, na harkokin Musulunci, da na Katolika, da na sauran ɗariƙun Kirista. Limamansu hafsoshi ne masu anini, suna da albashi da ƙarin girma da fansho, shugabanninsu kan kai muƙamin Birgediya-Janar. Ƙasar da ta yarda sojan da ke bakin daga yana bukatar limami mai cikakken matsayi ita ce ta bar wanda sojan ya kamo a hannun duk wanda Allah ya hore wa kuɗin mota.

Darasin Kuje da na dajin Birnin Gwari

Sau ɗaya aka gwada abin da gaske. A 2015, Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, ta hannun sashen da Dakta Fatima Akilu ke jagoranta, tare da tallafin Tarayyar Turai, ya fara shirin sauya tunanin ɗaurarrun Boko Haram a gidan yarin Kuje. An haɗa tawaga ta limamai da fastoci, da masana halayyar ɗan Adam, da malaman makaranta, da masu koyar da sana'a, aka ba su horo na musamman. Liman a wannan tsari ma'aikaci ne da ke zama a teburi ɗaya da likita, yana ba da ra'ayi a kan ci gaban kowane ɗaurarre. Atta Barkindo da Shane Bryans sun rubuta bayanin shirin a 2016. A shekarar ce kuma aka kafa shirin Operation Safe Corridor, mai sansani a Malam Sidi ta Jihar Gombe, inda malaman addini ke cikin masu aikin. Wato gwamnati ta san amfanin malami ƙwararre, sai dai takan tuna da shi ne idan ɗaurarren ya riga ya zama abin tsoro.

Ɗaya ɓangaren kuma bai taɓa mantawa da gidan yari ba. Ranar 7 ga Satumba, 2010, 'yan Boko Haram suka fasa kurkukun Bauchi, fursunoni fiye da 700 suka fita. Ranar 5 ga Yuli, 2022, aka fasa na Kuje, fiye da 800 suka tsere, cikinsu har da mutum 64 da ake tuhuma da ta'addanci, ISWAP ta ce ita ta yi. A watan Agusta na 2025, da Malam Nuhu Ribadu ya sanar da kama shugabannin Ansaru biyu, Abu Bara'a da Malam Mamuda, ya lissafa fasa Kuje cikin abubuwan da ake zarginsu da hannu a ciki.

Ansaru kuwa ba baƙuwa ba ce ga mutanen Birnin Gwari. Ƙungiyar da ta ɓalle daga Boko Haram a 2012 ta kafa sansani a dazukan gabashin masarautar, wajen Damari da kewaye. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta yi ta kokawa cewa 'yan Ansaru suna wa'azi a ƙauyuka, suna raba kyaututtukan salla, suna auren 'yan matan yankin, suna hana harkar siyasa. Makaminsu na farko a can magana ce da kyauta da alkawarin kare mutane daga ɓarayin daji. Mai wa'azinsu ba shi da wata sana'a da ta wuce wannan, kuma akwai mai ciyar da shi. Idan aka kama yaron da ya saurare shi aka kulle a ɗaki ɗaya da mutum talatin, ya shigo da karatunsa. Wanda zai ƙalubalance shi, in an yi sa'a, malami ne da ke zuwa sau ɗaya a mako idan hanya ta yi kyau. Mutanen yankin sun san shekarun da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, ta Buruku da Udawa, ba ta biyuwa sai da rakiyar jami'an tsaro. Mai sa-kai ba shi da dalilin sa ransa a wannan hanya, kuma ba wanda zai zarge shi in bai zo ba.

Wasu ƙasashe sun koyi wannan da tsada. A Faransa, limaman kurkuku Musulmi sun daɗe suna karɓar ɗan alawus marar fansho, kuma sun yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da yawan ɗaurarru Musulmi. Sai bayan hare-haren Janairun 2015, da aka gano wasu maharan a kurkuku suka san juna, gwamnati ta sanar da ƙarin limamai 60. A Kanada, gwamnatin tarayya ta soke kwantiragin limaman wucin gadi a 2012, abin da ya fi shafar marasa rinjaye, sannan ta miƙa aikin ga kamfani mai zaman kansa. Ƙorafin albashi da rashin tabbas ya kai limaman ga shiga ƙungiyar ƙwadago a 2019.

Hujjar masu ƙin albashi

A Hausa kalmar "lada" tana da fuska biyu: akwai ladan aiki da ake ba lebura, akwai ladan da ake fata a wajen Allah. Mutane da yawa suna jin cewa wanda ya karɓi na farko ya rage na biyu. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan. Magabatan Hanafiyya sun hana karɓar kuɗi a kan koyar da Alƙur'ani, na bayansu suka halatta da suka ga in ba a biya ba karatun zai mutu. Mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa ke bi, ta halatta tun farko, akwai kuma hadisi a Bukhari da ke ƙarfafa haka. Imam Ƙarafi, a cikin littafinsa Al-Furuƙ, ya bambanta ijara, wato sayen aiki, da arziƙin da baitulmali ke yanka wa alƙali ko liman don ya sami sukunin tsayawa a kan maslahar jama'a. Na biyun taimako ne a kan ibada, kuma shi ne ya dace da malamin gidan yari. A ɓangaren Kirista ma, Linjilar Luka da wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti sun tabbatar da haƙƙin ma'aikaci a kan ladansa.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi, kuma ba a kawar da ita da fatawa. Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya soki malaman da ke halatta wa sarakuna zalunci, Bahaushe yake ɗari-ɗari da malamin fada. Ɗaurarren da ke ganin gwamnati ce ta zalunce shi, ko wanda aka koya wa cewa gwamnatin kafirci ce, me zai sa ya buɗe cikinsa ga mai kaki da ke cin albashinta? Abin da ya sa mai sa-kai ke da kwarjini shi ne kowa ya san ba wanda ya aiko shi. Ana tsoron kuma kada albashi ya mayar da gurbin abin rabo tsakanin 'yan siyasa, ko fagen rikicin Izala da ɗariƙa, ko na wannan coci da wancan.

Waɗannan matsaloli ne na gaske, amma suna magana ne a kan yadda za a tsara biyan. Rashin biya ma yana da nasa zaɓen: yana tace malamai ya bar mai hali, da wanda wata ƙungiya ke ɗaukar nauyinsa don manufarta, da wanda ba shi da abin yi. Malamin da ya yi digiri a fannin shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero, yana da iyali, ba zai iya ba da kwana biyar a mako kyauta ba a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024 kuma a lokacin bai isa buhun shinkafa ba. Sannan wanda ba a biya, ba a iya tambayarsa me ya koyar, ba a iya tilasta masa horo, ba a iya korarsa sai dai a hana shi shiga.

Abin da ke hannun Kaduna

A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka cire gidajen gyaran hali daga jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu, aka ba jihohi dama su ma su shiga. Ko kafin jiha ta gina nata gidan yari, ba abin da ya hana ta ɗaukar nauyin malaman da ke aiki a waɗanda ke ƙasarta, tunda mafi yawan waɗanda ke ciki dokokin jiha ake tuhumarsu da karyawa, kuma garuruwan jihar za su koma.

Tarihin da aka bi ya nuna siffar abin da zai yi aiki. Daga Abu Yusuf, a ɗauki ƙa'idar cewa mutumin ya zama dabam da mai gadi: farar hula, ba mai kaki ba, wanda ba a tilasta masa zama ɗan rahoto, sai a abin da ya shafi ceton rai. Daga soja, a ɗauki matakin albashi, da ƙarin girma, da fansho, da alawus na wurare masu haɗari. Daga Kuje, a ɗauki horo da zama cikin tawagar ƙwararru. Zaɓen mutanen kuma ya bi ta hannun majalisar da ta haɗa masarauta, da Jama'atu, da CAN, da hukumar gyaran hali, don kada ya zama na ɓangare ɗaya. Masu sa-kai su ci gaba da zuwa, amma a sami wanda zai tsara zuwansu ya san abin da suke faɗa.

Kuɗin ba zai gagara ba. A Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 da tara ta riƙe, da naira miliyan 585 da aka tara daga masu hannu da shuni da kamfanoni. Attajiran Arewa ma sun saba biya wa ɗaurarru tara da azumi. Irin wannan alheri yana buɗe ƙofa sau ɗaya. Wakafin da zai riƙe malami ɗaya da malama ɗaya da fasto ɗaya a ƙaramin gidan yari yana aiki kowace rana.

Sulhun Birnin Gwari ya dawo da motoci kan hanya, ya dawo da shanu kara. Ɗorewarsa ta dogara da abubuwa da yawa, ɗaya daga ciki shi ne halin da mutanen da ke kulle yau za su fito da shi, domin kusan dukkansu za su fito. Wani zai karantar da su kafin ranar, ko malamin da jama'a suka zaɓa suka ɗauki nauyinsa, ko wanda suka tarar a ɗaki.